Yadda Za A Rage Wa Yaro Tsoron Allura Da Asibiti Ta Hanyar Wasa

Yawancin yaran da ke ƙwalla ihu tun daga ƙofar asibiti ba a asibitin suka koyi tsoron ba, daga gida aka cusa musu shi. "In ba ka yi shiru ba yanzu na kira mai allura." "Ci tuwon nan ko in kai ka likita ya tsira maka." Muna faɗa ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, sai ranar da zazzaɓi ya kama yaron da gaske, a ga uwa da ƙarti biyu sun taru sun danne ɗan shekara huɗu a kan benci, nas na neman jijiya, hannu na fizgewa. Abin da za a gama cikin ɗan lokaci sai ya koma kokawa, wani sa'in sai an huda sau biyu ko uku kafin a dace. Yaron ya tafi gida da tabbacin cewa duk abin da aka tsorata shi da shi gaskiya ne, zuwa na gaba kuma sai ya fi wannan wuya.

A Kebbi maganar ba ƙarama ba ce, domin yaranmu suna yawan haɗuwa da allura. Akwai rigakafin ranar haihuwa, da na sati 6, da sati 10, da sati 14, da wata 9, da wata 15. Tun watan Disamba na 2024 kuma aka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a jihohin Kebbi da Bayelsa, wanda ake yi a wata 5, 6, 7 da 15. In ka ƙirga, zuwa tara ke nan kafin yaro ya yi shekara ɗaya da rabi, ban da tsaga ɗan yatsa don gwajin zazzaɓi duk damina. Uwar da ta ga ɗanta ya shiɗe don kuka a zuwan farko tana iya jan ƙafa a na biyu, kuma ta haka ake rasa allurai da yawa.

Wasu ƙasashe sun daɗe da mayar da rage wa yara tsoron asibiti ta hanyar wasa sana'a. A 1986 wani mai barkwanci, Michael Christensen, na gidan wasannin Big Apple Circus da ke Amurka, ya kafa rukunin masu barkwanci da ke shiga ɗakunan yara marasa lafiya sanye da farar rigar likita da jan hanci na roba. Aka yi koyi da shi a Faransa da Birazil a 1991, sannan wasu ƙasashen Turai suka bi. A 2005 aka buga wani bincike daga asibitin yara na Meyer a Italiya, kan yara 40 'yan shekara 5 zuwa 12 da za a yi wa ƙaramar tiyata: waɗanda masu barkwanci suka raka tare da mahaifi ko mahaifiya sun fi natsuwa lokacin ba su maganin barci fiye da waɗanda iyaye kaɗai suka raka. Mu ba mu da jan hanci, amma barkwanci ba baƙonmu ba ne. Muna da 'yan kama, muna da tashe, muna da wasan kaka da jika. Abin da ya rage shi ne sanin lokacin da za a yi shi da yadda za a yi.

Mataki na farko: tun daga gida

A daina barazana da allura, a kuma hana yayye da kakanni da masu raino. Wannan shi ne rabin aikin, kuma ba ya cin kwabo.

Sai faɗin gaskiya. Kada ki ce wa yaro "kasuwa za mu je" sannan ya tsinci kansa a gaban nas. Ranar ya yarda da ke, gobe ko kasuwar za ku je da gaske sai ya turje. Ɗan shekara biyu zuwa uku a gaya masa da safen ranar, a taƙaice, domin in an faɗa masa tun jiya sai ya kwana da fargaba ba tare da ya fahimci komai ba. Wanda ya kai biyar zuwa sama a gaya masa kwana ɗaya ko biyu kafin nan, a bar shi ya yi tambaya. In ya ce, "Inna, da zafi?" amsar ita ce, "E, da ɗan zafi kaɗan, kafin ka ƙirga biyar an gama, kuma kana jikina." Ba "ko kaɗan ba za ka ji ba."

Da daddare ku yi wasan asibiti. A ɗauko 'yar tsana, ko a naɗe tsumma a yi mata ɗankwali. Yaron shi ne likita, ke ce uwar mara lafiya. Murfin biro ya isa sirinji, murfin kwalba a ɗaure da zare ya zama abin sauraron ƙirji. Ki ce, "Likita, ga ɗiyata ba ta da lafiya," ki bar shi ya duba ta, ya yi mata allura, ya shafa auduga. Ki lura da yadda yake yi. Yaron da ya dinga caka wa 'yar tsana biro yana cewa "don kin yi rashin ji," ya gaya miki abin da ke ransa: yana ɗauka allura horo ce. Nan za ki gyara masa, cikin wasan, ba da wa'azi ba: "Haba likita, ai ba laifi ta yi ba, sauro ne ya cije ta."

A jaka kuma, ban da katin asibiti da ruwan sha, a saka zanen goyon da ya saba da ƙanshinsa, da abin wasa ɗaya da ya sani, da wani sabo ɗaya da bai taɓa gani ba. Sabon a ɓoye shi, ranarsa na zuwa a mataki na uku.

Mataki na biyu: zaman layi

Duk wanda ya je yankar kati a babban asibiti, ko Sir Yahaya ne a Birnin Kebbi ko na Argungu ko Yawuri, ya san jira ya fi ganin likita tsawo. A wannan zaman tsoro ke taruwa, domin yaro yana jin kukan waɗanda suka riga shi shiga. In da hali, ki nemi wanda zai riƙe muku layi ku koma inuwa nesa da ƙofar ɗakin allura. Ku ƙirga masu shuɗin hijabi, ku nemo abu ja guda biyar, ku yi kacici-kacici: "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." "Baba na ɗaka, gemu na waje." Na san tsofaffi na hana tatsuniya da rana, amma ina ganin ko su za su ɗaga ƙafa a layin asibiti. Ki fara labarin Gizo, ki ja shi, ki tsaya daidai inda ya fi daɗi ki ce sauran sai mun shiga. Waya kuma kada a ba shi tun yanzu. In ya ƙoshi da ita a layi, ba za ta yi aiki a ciki ba.

Mataki na uku: lokacin allurar kanta

Nan ne ya kamata a fi natsuwa, domin abin ya bambanta da shekarun yaro.

Jariri ba ya buƙatar barkwanci, nono yake buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matsaya a 2015 kan rage zafin allurar rigakafi, kuma cikin abin da ta ce akwai a shayar da jariri lokacin allurar ko dab da ita, a kuma riƙe shi a jiki. Ki sa shi a nono minti ɗaya ko biyu kafin nas ta matso, ki bar cinyar a buɗe, ki ci gaba da shayarwa har bayan an zare allurar. Mayafi ya isa sutura in akwai maza a wurin. Wasu na tsoron zai shaƙe ko ya ƙi nonon daga baya. Ba haka abin yake ba, in ya yi kuka zai saki, in ya natsu ya koma. In akwai ɗigon baki, kamar na shan inna, shi ake fara ba shi kafin allura. Kada a ba jariri zuma don a rarrashe shi, tana da haɗari ga wanda bai shekara ba.

Yaron da ya fara tafiya zuwa shekara biyar, babban abin shi ne riƙo. Kwantar da yaro rigingine a danne shi ya fi allurar tayar masa da hankali. Ki zauna a kujera, ki ɗora shi a cinya yana fuskantar ki, ƙirjinsa a ƙirjinki, ƙafafunsa sun zagaye ƙugunki. Hannun da ba a buƙata ki sa shi ƙarƙashin hammatarki, wanda za a yi wa allurar ki riƙe shi daga gwiwar hannu. A wajensa runguma ce, a wajen nas kuma hannu ne da ba ya motsi. In ɗibar jini ce ko sa kanula, wato 'yar robar da ake sakawa a jijiya don ƙarin ruwa ko magani, sai ya zauna ya ba ki baya, a miƙa hannun a kan tebur.

Yanzu ne za a fito da sabon abin nan. Wanda na fi yarda da shi shi ne kumfar sabulu, saboda tana yin aiki biyu: tana ɗauke ido, kuma hura ta na tilasta wa yaro jan dogon numfashi, wanda ke sassauta jiki. Haɗinta ba wuya. A zuba sabulun ruwa na wanke kwanuka cokali biyu a rabin kofin ruwa, a ƙara ɗan sukari, a juya a hankali, a zuba a ƙaramar kwalba. Zoben robar nan da ke saura a wuyan gorar ruwa bayan an buɗe murfi, a ciro shi a ɗaure a tsinke, shi ne abin hurawa. A tambayi nas tukuna, kuma a hura nesa da tirenta, kada a jiƙa daɓe wani ya zame. In ba a yarda ba, farfelar takarda a kan kara tana yin wannan aikin.

Sharaɗin shi ne mutum ɗaya ya yi magana. Abin da aka saba gani, uwa na cewa yi haƙuri, uba na cewa kai namiji ne, gwaggo na cewa kalli tsuntsu, nas na cewa ku riƙe shi, duk a lokaci guda. Yaro ya rasa wa zai saurara, sai ya ƙara gigicewa. A zaɓi mai wasa ɗaya, ya durƙusa daidai idon yaron ta ɓangaren da ba a aiki, ya fara wasan kafin a buɗe sirinji, kada ya tsaya har sai an manna auduga. Kaka ta fi kowa iya wannan. "Maigida, wai kai ne za ka biya sadakina, ko kumfar nan ba ka iya hurawa ba? Bari in koma wurin ƙanenka." Yaron da ke ƙoƙarin rama wa kakarsa ba ya lura da abin da ake yi wa damtsensa.

Akwai abin da zai ba mutane mamaki: yawan "sannu, sannu, yi haƙuri, ba komai" ba ya rage kuka, sau da yawa ƙara shi yake. Yaro ba kalmomin yake ji ba, muryar yake ji, kuma ya san ba a yi masa irin wannan muryar sai in akwai matsala. Ki yi magana da muryarki ta kullum, kan abin da bai shafi allura ba. In kin san ke kanki ba kya iya kallon jini, ba abin kunya ba ne, ki ba wani ya riƙe shi ke ki tsaya inda zai gan ki.

Daga shekara shida zuwa sama, a ba yaro zaɓi, amma na gaske. Ba "za ka yarda a yi maka?" ba, domin in ya ce a'a ba za a fasa ba. A ce, "Za ka kalla ko za ka juya kai? Za ka ƙirga ko za ka karanta Ƙulhuwallahu?" Wasu yaran sun fi natsuwa in suna kallo, kada a rufe musu ido da ƙarfi. A ba shi aiki: shi ne mai riƙe filasta, shi ne mai cewa "to, bismilla." Waya tana da amfani a nan, musamman wasan da sai ya taɓa da yatsa, ya fi kallon bidiyo kawai. Babban yaro ko budurwa da aka san suna jin jiri in sun ga allura, a zaunar da su ko a kwantar, kada a yi musu a tsaye.

Kada a murje wurin ko a tsunkule shi kafin allura wai don ya mutu, kuma kada a ba yaro farasitamol tun daga gida don rigakafi. In zazzaɓi ko ciwo ya biyo baya, sai a ba shi yadda ma'aikacin lafiya ya faɗa.

Mataki na huɗu: in an ba ku gado

Kwanciya wani abu ne daban, domin allurar ba ɗaya ba ce, kuma yaro na ganin duk mai farar riga a matsayin abokin gaba. A roƙi nas, in aiki bai yi mata yawa ba, ta riƙa leƙowa wani lokaci hannu wofi, ta gaisa kawai ta wuce. A yi wa 'yar tsana tata kanular da filasta. A ba sandar ƙarin ruwa suna, a ɗaura mata ɗankwali, yaro ya riƙa ba ta umarni. Safar hannu da aka hura aka zana mata ido tana zama zakara mai zanko, amma babba ne zai riƙe ta. Ita da balan-balan in suka fashe, ƙaramin yaro na iya haɗiye guntun ya shaƙe. Ƙarar fashewar ma abin kiyayewa ce. Cikin yaran da ke kwance akwai waɗanda suka baro ƙauyukansu saboda harin 'yan bindiga, a kudancin Kebbi da maƙwabciyarmu Zamfara. Irin waɗannan ba a yi musu wasan firgitarwa, ba bindigar roba, ba rufe fuska, ba zuwa ta baya.

Wankin ciwo, musamman ƙuna, yana ɗaukar lokaci kuma yana da zafi na gaske. A tambaya ko za a ba da maganin rage zafi kafin a fara, a jira ya kama jiki, sannan a kawo dogon labari ko waƙar da yaron zai riƙa amsawa. Wasa ƙari ne a kan magani, ba madadinsa ba. Haka yake ga mai sikila da ciwo ya tasar wa.

Ga yaran tamowa kuwa, irin waɗanda ake kwantarwa a cibiyar Maiyama da ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa, wasa yana cikin maganin kansa. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na jinyar tamowa mai tsanani sun haɗa da wasa na minti 15 zuwa 30 kullum da zarar yaro ya fara farfaɗowa, domin yunwa ba jiki kaɗai take tsayarwa ba, har da ƙwaƙwalwa. Gorar roba da aka zuba wa tsakuwa aka liƙe murfin gam, ko gwangwanaye masu shiga cikin juna, sun wadatar. Ma'aikata na ɗaukar murmushin farko na irin wannan yaro a matsayin alamar sauƙi.

In tiyata za a yi aka ce kada ya ci kada ya sha, to alewa da biskit ma suna ciki. Kada tausayi ya sa wani ya tura masa a ɓoye. Yana iya jawo amai ya shiga huhu lokacin da aka sa shi barci.

Akwai kuma lokacin da ba na wasa ba. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono ko ruwa, ko yake amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko numfashi na yi masa wuya, ba a zama da shi a layi ana kacici-kacici. A ɗauke shi a nufi ma'aikaci kai tsaye a faɗi abin da aka gani.

Mataki na biyar: bayan an gama

A rungume shi, a ƙarasa masa labarin Gizon da aka yanke. A yaba abin da ya yi takamaimai: "Ka riƙe hannunka bai motsa ba." Ko ya yi kuka a yaba, kuma kada a mayar da kukan abin tsokana a gida. Yadda aka ba da labarin ranar a gaban Baba da daddare, haka yaron zai riƙe ta, don haka a fara da kumfar da ya hura, ba da ihun da ya yi ba.

Ga masu son yin wannan a ƙungiyance

Ɗaliban makarantun jinya, 'yan agaji, ƙungiyoyin mata, ko masu wasan kwaikwayo na unguwa za su iya ware yini ɗaya a mako. Amma a fara da takarda zuwa ga shugaban asibiti da shugabar nas-nas, ba da ganga a ƙofar ɗaki ba. A binciken nan na Italiya, duk da ma'aikatan sun yarda yara sun amfana, yawancinsu ba su so a ci gaba ba, saboda suna ganin masu barkwancin na shiga musu aiki. Darasin a bayyane yake, kuma asibitocinmu sun fi nasu cunkoso.

Ku riƙa zuwa biyu-biyu, mace a ciki, tunda yawancin masu jinya iyaye mata ne. Ku fara tsayawa wurin nas ta gaya muku gadon da za a je da wanda za a tsallake, da ɗakin da aka keɓe masu ƙyanda ko mashaƙo ko sanƙarau. Kada ku shafa fenti a fuska, a nan dodo za a ɗauke ku. Hula mai ban dariya ko babbar riga da aka sa a baibai ta isa. A kowane gado ku yi sallama, ku nemi izinin uwa, sannan na yaron. In ya juya kai, ku wuce, domin a duk asibitin ku kaɗai ne yake da ikon kora, kuma wannan ma magani ne a gare shi. Barkwancin ya faɗa kanku, ba kan yaro ko ciwonsa ko ƙauyancin uwarsa ba: ku ne za ku sa abin sauraron ƙirji a gwiwa, yaro ya gyara muku. Minti biyar zuwa goma a gado ya isa. Ku wanke hannu tsakanin gado da gado, ku ɗauki kayan wasan da ake iya wankewa da sabulu kawai, na tsumma kuwa wanda aka ba shi ya zama nasa. Kada ku raba abinci sai da sanin nas, kada ku ɗauki hoton ɗan kowa don Facebook ko TikTok, kuma ku kauce wa lokacin zagayen likitoci da na sallah da na barcin rana. Bayan wata guda ku koma wurin shugabar nas-nas ku tambaye ta abin da ya dame su, ku gyara kafin ku nemi a ƙara muku ɗaki na biyu.